Gonar gado ta zama saura, ina son in maida ta wurin ingirici da harawa, ta ina zan fara?

Ɗan Kusugu:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah waɗanda suka san harkar noma da kiwo ku taimaka mani da shawara, ku yi haƙuri bayanin zai ɗan yi tsawo.

Akwai gonar mahaifinmu, Allah ya jiƙanshi, a bayan Daura ta hanyar Zango, za ta kai eka uku ko ta ɗan gota. Tun da ya rasu ba a ƙara sa mata garma ba, shekara shida ke nan, rabon gado ya ja lokaci kuma dukkanmu ba mazauna ba ne, ni koyarwa nake a Katsina sai ƙarshen sati nake leƙowa gida. To bara dai aka raba ta faɗo a kasona. Ranar da na je na ganta wlh sai da na yi ƙwalla, gonar da muka tashi muna cin geronta yanzu sabara ce da kalgo da tumfafiya, tafasa ta cinye duk gefen da ke bakin hanya, ta gabas kuma wani wuri ya zama fako ƙasar ta ƙeƙashe kamar an yi mata daɓe, ko ruwa aka yi sai dai ya bi ta kai ya wuce. Tsakiya ce kawai ke da ciyawar kirki, kyasuwa da harƙiya da ƙarangiya, sai ɗan tushen gamba da ya rage a kan iyaka wadda Baba ke yanka yana saƙa zana.

Ni ba hatsi nake son nomawa ba, ba ni da lokacin. Abincin dabbobi ne ya dame ni. Ina da raguna shida da nake turkewa don layya, da awaki huɗu na mai ɗakina, kuma duk ribar da ya kamata in gani masu harawa ne ke cinye ta, damin da ka saya da kaka in ka koma a watan Afrilu aka faɗa maka kuɗinshi sai ka ɗauka wasa ake.

Bara na gwada na kwashi kashina a hannu. Cikin Agusta na ga ciyawa ta yi kore shar, na sa yara biyu suka yanka mani da lauje muka tara wuri ɗaya na rufe da leda na koma Katsina, bayan sati da na dawo ina ɗaga ledar wani zafi da wari suka buge ni, ta yi baƙi ta yi fumfuna ta dame kamar taki. Sai na ce to bari in ƙyale sauran ta bushe a tsaye. Ƙarshen Nuwamba na koma, rabi shanu sun kiwace, wadda na yanko kuma fara fat kamar tsintsiya, ragunan su sunsuna su ɗago su kalle ni su yi ta kuka, ga ƙarangiya ta maƙale masu a baki da jiki. Ɗan abin da na jibge a ƙasa cikin zaure kuma gara ta yi biki da shi.

Shi ne nake tambaya, wai yaushe ake yankan ingirici, ya ake shanya shi, ina ake ajiye shi? Sannan ita gonar, wani abokina ya ce in kawo tarakta a tumɓuke komai a yi haro a watsa irin ciyawa na zamani, wani kuma ya ce in cinna mata wuta kafin ruwa ya sauka. Wanne zan ɗauka? Ngd.

Tsoho Mai Lauje:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka ya sa ya huta. Jikana ke rubuta mani ina faɗa mashi, in ka ga kuskure nashi ne.

Abin da ya same ka bara ba wani abu ba ne, ka yi sammako da yawa sannan ka yi latti da yawa. Agusta marka ce, rana ba ta yin kwana biyu a jere, ciyawar kuma duk ruwa ce, ka tara ta ɗanya ka rufe da leda ai dafa ta ka yi. Nuwamba kuma ta riga ta zubar da iri, duk daɗin ya tafi, kara kawai ka kwaso masu, ko kai aka ba ba za ka ci ba. Mu nan muna yankan ingirici ne in ruwa ya fara ja da baya, daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshenta, lokacin da gero ya nuna ana shirin girbi. Amma kada ka bi kalanda, bi ciyawar. In ka ga kyasuwa ta yi ciki ta fara turo kai amma bai buɗe ya yi wannan jan gashin ba, to ranar ce. Ƙarangiya ma abinci ce mai kyau ƙwarai kau, mutane ne ba su sani ba, amma kafin ta yi ƙaya, in ta yi ƙaya ka bar ta.

Ka bari raɓa ta ɗauke da hantsi sannan a sa lauje. Kada a aske ta har ƙasa, a bar kamar faɗin tafin hannu. Kuma ba a tarawa, a nan inda aka yanka ake baza ta siri-siri, da azahar a juya ta da sanda mai baki biyu ko manjagara, washegari a ƙara juyawa. In rana na da kyau kwana biyu zuwa uku ta yi. In hadari ya taso daga gabas ku tattara ta ku rufe, ana ɗaukewa ku buɗe ku sake bazawa, ledar ta awa biyu ce ko ta dare ɗaya ba ta sati ba. Yadda za ka gane ta bushe, ɗebi cikin hannu daga ƙasa ba daga sama ba, ka murɗe kamar kana matse wanki, in ka ji sanyi-sanyi ko ka ga damshi a gaɓar to da saura, in ta yi ƙaras-ƙaras ta fara tsinkewa amma ba ta zama gari ba shi ke nan. Ingirici na ƙwarai kore-kore yake, yana ƙamshi, in ka buɗe dami a watan Maris tunkiya daga bayan katanga za ta ji.

Ajiya kuma ka kafa rumfa, ƙafafu su kai gwiwa ko ƙugu daga ƙasa, ka shafa masu baƙin mai ka zuba toka a gindi saboda gara, ka jera dammunan a kai ka yi jinka ko ka ɗora tsohon kwano. Iska ta riƙa shiga ta ko'ina. Satin farko kullum a tura hannu can ciki a ji, in da ɗumi a sauke a sake shanyawa, don ɗanyar ciyawa in aka danne ta tana iya yin zafin da za ta kama wuta da kanta. Kuma nesa da madafa da inda yara ke wasa da ashana.

Maganar wuta a gona, a'a. Ƙasarmu jigawa ce, ɗan dattin nan da ke kwance a kai shi ne rigarta, ka ƙone shi iskar bazara ta zo ta kwashe yashin ta kai ma maƙwabcinka. Tarakta ma ni ban ba ka shawara ba. Sabarar nan da kake gani kamar ƙazanta, je ka tona gindinta ka gani, ƙasar wurin ta fi ta ko'ina baƙi da laushi don ita ke tare ƙura da ganye. A rage ta dai, kowane tushe a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi a sare sauran. Kalgo ma haka, ƴaƴansa abincin shanu ne. In kau Allah ya sa akwai ɗan gawo da ya tsiro, ka kewaye shi da ƙaya ka riƙe shi kamar ɗanka. Tafasa ita ce abokiyar gabarka, dabba ba ta cinta ɗanya shi ya sa ta samu wuri, a sare ta tana fure kafin ta yi ƴaƴa, shekara biyu uku a jere za ka ga ta ja baya. Ganyen kuma a kai gida a yi kwaɗo, ba a asara.

Abu na ƙarshe wanda ya fi duk waɗannan, gonar da ba a ga shuka a cikinta ba kowa makiyaya yake ɗaukarta, kuma ba za ka ga laifin mai shanu ba, shekara shida yana bi ta nan ba wanda ya ce mashi kanzil. Ka je wurin mai unguwa da goronka ka shaida mashi bana gonar na da mai ita, ka gaida maƙwabtan gona, ka je rugar da ke kusa ka gaida ardo. Ka ma roƙe su in an kwashe amfani su zo su kwana da shanunsu a kan fakon nan sati biyu uku, ka ba su ɗan hatsi, da haka iyayenmu ke takin gona tun kafin a san buhun taki.

Malamin Gona Mai Ritaya:

Slm. Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya, ni ɗan lissafi zan ƙara da abin da muka gani a wurin aiki.

Malam ka fara sanin nawa kake nema tukuna. Rago na cin busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinshi a rana, wato mai kilo 30 zuwa 35 kusan kilo ɗaya ke nan. Dabba goma gare ka, ka ce kilo 9 ko 10 kullum. Daga Nuwamba zuwa Yuni lokacin da sabuwar ciyawa za ta kama baki kwana 200 ne da ɗoriya, ka ga ana maganar tan biyu, ban da wanda za su tattake. Kuma ka lura layyar 2025 ranar 6 ga Yuni aka yi ta, kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11, ke nan shekarun nan masu zuwa duk turkar rago cikin tsakiyar rani za ta riƙa faɗawa, ba ɗanyar ciyawa ko ɗaya. Don haka tunaninka daidai ne. Amma kada ka sa rai gonar da ta shekara shida a yashe za ta ba ka tan biyu a shekarar farko. Ka ari sikeli ka auna dami uku ka san matsakaicin nauyi, ka ƙirga dammunan, sai ka san giɓin da za ka cike tun da kaka.

Dalilin da ya sa ragunanka suka ƙi ta Nuwamba, ciyawa kafin ta fidda kai sinadarin gina jiki da ke cikinta na kaiwa kashi 8 zuwa 10 cikin 100, in ta bushe a tsaye sai ya faɗo kashi 3 ko ƙasa da haka, alhali tumbin dabba na buƙatar kamar kashi 7 kafin ma ya iya narkar da abin yadda ya kamata. Shi ya sa da rani za ka ga saniya cikinta cike amma tana ramewa. Harawar wake kuwa da aka naɗe da ganyenta tana wuce kashi 12. To ni a nan ne zan ɗan saɓa da tsarinka, kada ka ce ciyawa zalla. Ka ware eka ɗaya inda ƙasar ta fi kyau ka shuka wake mai yaɗo, Kanannado da muka sani ko SAMPEA 11 na cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru wanda ke ba da ƙwaya da harawa duka, ko gyaɗa in ka fi so. Ka sa mashi takin supa, ƙasar yankinmu abin da ta fi rashi ke nan kuma wake na sonshi. Riba uku ce, ga harawa, ga wake na tuwon gida, ga saiwarshi na ƙara ma ƙasa ƙarfi, sannan duk wanda ya zo wucewa ya ga kunya ya san gona ce. Akwai kuma lablab, wani dangin wake ne, yana daɗewa kore bayan ruwa ya ɗauke, in kana son irinshi ko na ciyawa ka tambaya ta wajen cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya, aikinsu ke nan. Sai dai ka gwada a kunya biyar shida tukuna, ruwan Daura ba na Zariya ba ne, mu nan daminar kusan wata uku ce zuwa huɗu.

Fakon nan kuma ba mutuwa ya yi ba, ƙishirwa ce, saman ne ya toshe ruwa ba ya shiga. Tun yanzu kafin ruwa ka sa a haƙa maka rabin-wata. Za ka duba inda ruwa ke gangarowa, a zana rabin da'ira mai faɗin mita 3 zuwa 4 bakinta na kallon inda ruwan ke fitowa, a fasa cikin da diga zurfin kamar santimita 20, ƙasar da aka fidda a jera ta a bayan lanƙwasar ta zama ɗan tudu. Layi na biyu a sa shi a tsakanin na farko yadda ruwan da ya kuɓuce ma wannan zai faɗa wancan. A zuba takin gida kwando ɗaya a kowane. A Nijar hekta ɗaya na cin kusan 300, kai in fakonka bai kai rabin eka ba aikin kwana kaɗan ne ga mutum uku. In ruwa ya zauna cikin Yuli sai ka je gambar mahaifinka ta kan iyaka, ka tsaga tushen da fartanya ka rage ganyen, ka dasa a cikin ramukan da kuma bakin iyaka duka. Dashen tushe ya fi watsa iri tabbas, irin gamba gashi ne da yawa kuma ba duka ke tsirowa ba. Shekarar farko kada ka yanke ta kada ka bari a kiwace, ta kafa saiwa. Daga shekara ta biyu ta zama taka, ita ce ke fara tohowa da ruwan farko tun sauran ciyayi ba su farka ba. Amma gambar ci daban ta zana daban, ta ci tana ƙarama ake yanka, in ta yi kara ta wuce kai sai dai zana.

Kyasuwa da harƙiya su kowace shekara daga iri suke fitowa, saboda haka in ka aske gonar kaf kafin su zuba iri shekara biyu a jere kai da kanka ka kashe su. Ka riƙa barin wani zirin ba a yanka ba, bana nan baɗi can.

Abin da Baba ya ce kan sabara da kalgo, maƙwabtanmu na Maraɗi sassabin zamani suke ce mashi. Wani ɗan Ostareliya Tony Rinaudo ya fara yaɗa shi can wajen 1983 bayan dashen itatuwa ya yi ta mutuwa, ya lura kututturan da ake sarewa duk shekara saiwarsu na raye a ƙasa, gyara kawai suke so. Yau ana ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta haka a Nijar. Kai da ke Daura ba sai an ba ka labari ba, ka ƙetara ta Kongolam ka kama hanyar Matamaye ka ga gawo a cikin gonaki.

Gwajin bushewa kuma ga wani in hannunka bai saba ba. Ana son damshin ya sauko kamar kashi 15, in ya haura 20 fumfuna ce. Samu busasshiyar kwalba, yayyanka ciyawar ka zuba da cokali ɗaya na busasshen gishiri, rufe ka girgiza ka ɗan ajiye, in gishirin ya dunƙule ko ya manne a jikin kwalbar a maida ta rana.

Kuma duk damin da ka fidda daga gonar ƙarfinta ka ɗauka, kashin ragunan nan da awakin kada ya tafi ko'ina, a loda a amalanke a maida mata.

Na Mai'adua:

Hhhh malam ni dai gsky zan faɗa maka ko ba daɗi. Kana Katsina gona na Daura, kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin ƴan ƙwadago, kuɗin amalanke, ga masu yankan ciyawa da buhu da za su riga ka tun da asuba su kai kasuwa, wa zai tsare maka? Ni shekara nawa ina turka ban da ko taku ɗaya na gona, ana fara cire wake nake bin ƙauyuka in sayi harawa lokacin kowa na neman kuɗi tana arha in cika ɗaki, a Afrilu ma har in saida rabi in maida kuɗina. Ka ba wani aron gonar ya noma hatsinshi ku yi sharaɗi kara da harawa naka ne, ka huta. Kada garin gudun gara a faɗa gidan zago.

Maman Ƴan Biyu:

Na Mai'adua ka faɗi gaskiya ta wani ɓangaren amma ai gonar gado ba a lissafinta da kuɗin mota kaɗai.

Malam ni ta wajen harawa da ba dabba zan yi magana don nan na fi sani, tumaki nake kiwo a cikin gida nan Katsina. Ita harawa ganyen shi ne kuɗin, karan banza ne. In an gama tsinkar wake kada a jira ganye ya yi rawaya ya fara zuba, a cire ta tana kore, ta sha iska kwana ɗaya ko biyu sannan a naɗe, kuma naɗin da ɗaukar da sassafe ake yi tana da laushin raɓa, in rana ta take ka taɓa ta ganyen duk sai ya kakkaɓe a gona ka iso gida da igiyoyi. A shimfiɗa buhu ko tampol a cikin amalanken, garin da ya zube a ƙasa ni shi nake tarawa in haɗa da dusa in ba masu shayarwa.

Ɗorawa a kan soro ko a reshen bishiya da muka saba, eh akuya ba ta kaiwa gara ba ta kaiwa, amma ka duba damin da ya wata uku a rana, saman ya koma fari ba komai a ciki. Ni da ta bushe nake sa yara su daddatse ta mu ɗura a buhu mu jera a kan katako a ɗaki. Ingiricin ma haka, in ka zuba masu shi dogo-dogo a ƙasa rabi za su ja su taka su yi fitsari a kai kuma ba su ƙara kallonshi, a datse shi kamar tsawon yatsa a zuba a rabin durom ko kwami. Da safe ingirici tukuna suna jin yunwa, da yamma harawa da dusa da ƙowa, ga ruwa da ɗan kanwa ko gishiri. In ka fara ba su harawa to ka sangarta su ba za su taɓa ciyawar ba, kamar yaro ne da ka fara ba nama.

Wadda ta yi fumfuna kuma dan Allah kada a ce asara a ba su, na taɓa yi da harawar gyaɗa da ruwa ya buga, ina ganin ƙurar na tashi fara-fara na ce ai ba komai, tunkiyata mai ciki ta kwana uku ba ta ci ba ƙarshe ta zubar, har yau abin na ci mani rai. Sannan in maƙwabtanka na da dawa ka kula da gyauro, sabon tohon da ke fitowa bayan an girbe, yana kashe dabba cikin ɗan lokaci.

Ɗan Kusugu:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wlh na ƙaru, har na kwafe a littafi. Baba Allah ya ƙara girma, a gaida jikan naka mai rubutu. Hajiya abin da kika ce na sangarta su, ni ne wlh, harawa nake fara zuba masu.

Na Mai'adua maganarka ta tsaya mani a rai, akwai ɗan kawuna a ƙauyen da ba shi da isasshiyar gona, ina ga zan ba shi eka ɗayan nan ya sa gero da wake, hatsi nashi harawa da kara nawa, shi kuma ya zama idona a wurin. Tarakta da wuta na fasa.

Saura abu biyu. Tsakiyar Satumba an koma makaranta, Asabar da Lahadi kawai gare ni, ya zan yi da shanyar kwana uku? Sannan na ga injin yankan ciyawa na ratayawa a kafaɗa mai shan fetur, ya fi lauje? Kuma tafasar nan ba zan iya yi mata feshi kawai in huta ba?

Malamin Gona Mai Ritaya:

Feshi a'a malam. Mai kashe komai zai haɗa da gambar da kake lallaɓawa, mai kashe faffaɗan ganye kuma zai tafi da gadagi da sauran dangin wake na daji da ke cikin ciyawar waɗanda su ne ma daɗin ingiricin, ga waken ɗan kawunka a gefe iska na kaɗawa. Adda ta ishe ta, tana fure.

Injin yana da sauri, abin da mutum huɗu za su yini suna yi zai gama kafin azahar, amma ka sa mashi faifan ƙarfe ba igiyar roba ba, igiyar markaɗa ciyawar take ta watsar ba ka samun abin ɗaurewa. Kuma gonarka cike take da kututture, tun yanzu da wurin ke fili ka bi ka kafa ma kowane sanda don in ciyawa ta rufe ba za ka gan su ba. Ni da kai ne bana ba zan saya ba, in ga abin da gonar za ta bayar tukuna. Saurin ma yana da illa, ka zubar da eka biyu rana ɗaya hadari ya taso wa zai kwashe?

Kashi-kashi za ka yi. Ka taho ranar Juma'a da yamma, Asabar da hantsi a yanka iya abin da mutum biyu za su iya tattarawa cikin rabin awa in sama ta canza, ku juya da azahar, Lahadi ku ƙara juyawa kafin ka kama hanya, Litinin ɗan kawun naka ya murɗa ya gani, in ta yi ya ɗaure da yamma ya hau da ita rumfa. Sati uku a jere ka gama, na farkon zai fi kyau shi za ka ware ma ragunan na watan ƙarshe. Rumfar kuma a kafa ta tun Agusta ba ranar da ciyawa ke kwance ba.

Tsoho Mai Lauje:

Ɗana na manta ban faɗa maka ba, saurar da ta daɗe haka ba ta rasa kububuwa, kuma ƙarƙashin ciyawar da aka baza take son kwanciya. Kowa ya sa takalmin roba mai tsawo, kuma kada wanda ya tura hannu ƙarƙashi sai ya fara ɗagawa da sanda. Iyaka kuma ka nemi aguwa ka sassaro ka kafa yanzu kafin ruwa, a bushe take kamawa, dabba ba ta cinta. Tsohuwar iyakar mahaifinka ka tambayi dattawan wurin su nuna maka da rana tsaka kowa na gani kafin ka kafa ko ɗaya.